Jinkirin Saƙo: Harajin Da 'Yan Kasuwa Ke Biya Ba Tare Da Rasit Ba

LEGAS — A shekarar 2023, kuɗin da aka tura ta hanyar biyan kuɗi nan take tsakanin bankunan Nijeriya sun kai kimanin Naira tiriliyan 600, daga tiriliyan 387 a shekarar 2022, kamar yadda alƙaluman kamfanin NIBSS, mai kula da hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, suka nuna. Kowace Naira daga cikin waɗannan maƙudan kuɗi ta yi tafiya ne a matsayin saƙo, a cikin waya ko ta iska, kuma kowane saƙo sai da ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya isa inda aka aika shi, amsarsa kuma ta komo.

Wannan ɗan lokaci shi ne masana harkar sadarwa ke kira jinkirin saƙo. Ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan guda. Ƙiftawar ido takan ɗauki milisakan 100 ko fiye, saboda haka mai karatu zai iya ɗauka cewa abin bai taka kara ya karya ba. To, amma duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsare mai saye a bakin shago ana jiran shigowar alat, ko direban tirela da ya yini a Dawanau ba a sallame shi ba domin kuɗin hatsi sun maƙale tsakanin banki da banki, ya san cewa ƙananan jinkiri idan suka taru sukan zama asara mai yawa.

Faɗin hanya daban, tsawonta daban

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin masu sayen layin intanet shi ne haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne yawan bayanan da layi zai iya ɗauka a sakan guda, wanda kamfanonin sadarwa ke tallatawa da megabit. Na biyu shi ne tsawon lokacin da saƙo guda zai yi kafin ya je ya dawo.

Misalin hanyar Kano zuwa Legas ya isa ya fayyace bambancin. Idan aka tagwaita hanyar, motoci da yawa za su iya bi a lokaci guda, kayan da ke isa kasuwa kowace rana kuma su ƙaru. Amma nisan da ke tsakanin biranen biyu yana nan yadda yake, kuma direban da ya tashi da asuba ba zai isa da hantsi ba don an faɗaɗa titi. Wanda ke sauke babban fim faɗin hanya ne damuwarsa. Mai na'urar POS, da ma'aikacin banki, da dillalin hannun jari, saƙonninsu ƙanana ne ƙwarai, abin da ke gabansu shi ne saurin dawowar amsa. Wannan ne ya sa kamfani zai ninka kuɗin da yake biya na intanet, amma ma'aikatansa su ci gaba da zaman jiran kwamfuta kamar da.

Sababi na farko: nisa

Babu abin da ya fi haske gudu, amma shi ma yana da iyaka. A sarari yana cin kilomita kusan 300,000 a sakan guda. A cikin wayar zaren gilashi, wadda aka fi sani da faiba, gudunsa yakan ragu zuwa kimanin kilomita 200,000. Ma'anar wannan ita ce, kowane kilomita 100 na waya yana ƙara milisakan ɗaya a kan zuwa da dawowar saƙo, kuma babu kuɗin da zai soke wannan lissafi.

Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a shekarar 2010, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne daga Fotugal zuwa Legas. Ke nan saƙon da ya bi ta cikinta ya komo ya cinye milisakan 70 tun kafin wata kwamfuta ta duba abin da ke cikinsa. Idan mai aikawa yana Kano ne, sai a ƙara aƙalla milisakan 10 na tafiyar kilomita 1,000 zuwa gaɓar teku da komowa.

Lamarin tauraron ɗan Adam ya fi haka tsanani. Taurarin da ke tsaye daidai wuri guda a sama, irin su NigComSat-1R da Nijeriya ta harba a watan Disamba na 2011, suna can nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Hawa da saukar saƙo sau ɗaya yana cin milisakan 240. Tambaya da amsarta kuwa sun kai 480, a aikace ma sukan kai 600. Waɗanda suka yi hulɗa da rassan bankuna a farkon shekarun 2000, lokacin da yawancinsu ke dogara da faifan tauraron ɗan Adam da ke bisa rufin gini, za su tuna yadda ake daɗewa a gaban kanta.

Dalilin daɗewar shi ne kwamfutoci ba sa gama magana da saƙo guda. Kafin su shiga ciniki sai sun yi sallama, a amsa, sa'an nan su tabbatar da juna, su yi yarjejeniya a kan makullin sirri da za su rufe zancensu da shi, kuma kowane mataki zuwa ne da dawowa. A ɗauka aiki guda yana buƙatar zuwa da dawowa sau 20. Ta tauraron da ke can nesa, sakan 12 ke nan. Idan kwamfutar da ke ba da amsa tana Turai, a bisa jinkirin milisakan 100, sakan biyu ne. Idan kuwa tana cikin ƙasa, a bisa milisakan 10, aikin ba zai wuce kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba.

Sababi na biyu: layi da shingaye

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanka shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ya bi ta na'urorin rarraba saƙo masu yawa kafin ya isa. A kowace na'ura sai an karanta adireshinsa a zaɓa masa hanya, tamkar motar kaya da ke tsayawa a shingen bincike. Idan hanya babu cunkoso, tsayawar ba ta da yawa. Idan ƙullin da ke shigowa sun fi waɗanda ke fita, sai su yi layi, idan layin ya cika kuma na'urar ta zubar da sauran, a sake aiko su daga farko.

Wannan shi ya sa intanet ke nauyi da maraice, sa'ad da jama'ar unguwa duka suka raja'a a kan ƙarfen sabis guda, kuma shi ya sa tura kuɗi ke wahala a ƙarshen wata da jajibirin Salla. An ga mafi munin wannan cunkoso a watannin Janairu zuwa Maris na 2023, yayin da canjin takardun Naira ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi, miliyoyin mutane suka koma tura kuɗi ta waya a lokaci guda, na'urorin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin.

Sababi na uku kuwa yana cikin gida. Tsohuwar kwamfuta, da manhajar da aka rubuta ba tare da tsari ba, da rumbun bayanan da ya cika ya batse, duk suna ƙara nasu jinkirin. Haka ma wutar lantarki: duk lokacin da wuta ta ɗauke aka koma janareta, na'urar da ba ta da batirin tsaye sai ta mutu ta sake tashi, a yi mintoci ana jira.

Yadda jinkiri ke zama asara

A harkar biyan kuɗi, jinkiri yakan rikiɗe ya zama gazawa ɗungum. Sa'ad da aka sa kati a na'urar POS, saƙo yakan tashi zuwa ƙarfen sabis, daga nan zuwa kamfanin da ya ba da na'urar, ya wuce cibiyar da ke haɗa bankuna, ya isa bankin mai kati, sa'an nan amsa ta biyo sawu. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da wa'adin da yake jiran amsa. Idan banki ya cire kuɗin amma amsarsa ta makara har wa'adin ya cika, na'ura za ta nuna cewa ciniki bai yiwu ba, alhali kuɗi sun bar asusun mai saye. Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin mutane biyu da babu mai laifi a cikinsu.

Yawaitar irin wannan koke ne ya sa a watan Yuni na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade wa bankuna wa'adin mayar da kuɗi: nan take idan na'urar ATM ta bankin mai kati ce, sa'o'i 48 idan ta wani banki ce, da sa'o'i 72 a cinikin POS da na intanet. Ga ƙaramin ɗan kasuwa da ke juya jarinsa kullum, kwana uku da kuɗi a maƙale kwana uku ne babu sari. Kuɗin da ke kan hanya ba sa sayen kaya, ba sa biyan bashi, amma kuɗin ruwa da hauhawar farashi ba sa tsayawa jiran su.

Akwai kuma asarar lokacin ma'aikata. A ɗauka kanti yana sallamar masu saye 300 a yini, kuma kowane biya yana cin minti guda maimakon sakan 10. Bambancin sakan 50 sau 300 ya haura sa'o'i huɗu, wato rabin yinin ma'aikaci guda da ake biyansa albashi don kallon na'ura, ban da waɗanda suka gaji da layi suka tafi kantin gaba.

Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da sa wa wannan abu farashi. A shekarar 2006, Greg Linden, wani tsohon injiniya a kamfanin Amazon, ya bayyana cewa gwajin da suka yi ya nuna kowane ƙarin jinkiri na milisakan 100 yana rage ciniki da kashi 1 cikin 100. A kasuwar hannun jari ta Amurka kuwa, kamfanin Spread Networks ya kashe kimanin Dala miliyan 300 wajen shimfiɗa miƙaƙƙiyar wayar faiba mai tsawon fiye da kilomita 1,300 tsakanin Shikago da Jihar New Jersey, wadda ta fara aiki a 2010, domin rage zuwa da dawowar saƙo zuwa kimanin milisakan 13, ragin da bai wuce milisakan uku ba. Dillalai suka yi rububin haya, domin wanda ya riga sanin farashi shi ke cin riba. Ba a yi shekaru da yawa ba wasu suka jera hasumiyoyin rediyo a kan hanyar suka sha gabanta, saboda saƙo ya fi gudu a iska a kan cikin gilashi.

Hatta maganar baka tana da ƙa'ida. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai saurare ya wuce milisakan 150. Idan ya haura 400, mutane sukan riƙa katse juna, kowa na zaton ɗan'uwansa ya yi shiru. Mai cinikin atamfa da ke tattauna farashi da masaƙa a ƙasar Sin ya san illar haka.

Inda aka kwana a Nijeriya

An samu ci gaba mai yawa a ɓangaren teku. Wayar SAT-3 ta fara aiki a 2002, ita kaɗai ta yi shekaru tana riƙe da ƙasar. MainOne da Glo-1 suka zo a 2010, WACS da ACE suka biyo baya a 2012, Equiano ta kamfanin Google ta sauka Legas a 2022, sa'an nan 2Africa ta iso a 2024, har da reshe a Jihar Akwa Ibom. Duk da haka, ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da na kamfanoni da dama suka tsaya cik. An karkatar da saƙonni ta wasu hanyoyi masu nisa da cunkoso, aka yi makonni kafin a kammala gyara. Darasin da aka koya shi ne cewa ayyukan cikin gida da yawa suna rataye ne da kwamfutocin da ke ƙetare.

Magance wannan dogaro ne maƙasudin kafa cibiyar musayar saƙonnin intanet ta ƙasa, IXPN, a shekarar 2006, da tallafin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Kafin lokacin, wasiƙar da aka aika daga wani ofis a Ikeja zuwa wani a Apapa takan je Turai ko Amurka ta dawo, idan ofisoshin biyu ba kamfani ɗaya ke ba su layi ba. Cibiyar ta zama kamar kasuwar tsakiya inda kamfanonin sadarwa ke miƙa wa juna saƙo hannu da hannu, kuma ta buɗe rassa a Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano. Ribar iri biyu ce: an rage jinkiri, an kuma rage kuɗin musaya da ake biyan kamfanonin ƙetare don ɗaukar saƙon da bai kamata ya bar ƙasa ba.

Haka kuma cibiyoyin ajiye bayanai sun ƙaru, sai dai mafi yawansu a Legas suke. Kamfanin Equinix na Amurka ya sayi MainOne a kan Dala miliyan 320, cinikin da aka kammala a 2022, kamfanin Amazon kuma ya buɗe ƙaramar cibiyar ajiya a Legas a 2023. Manyan cibiyoyin Microsoft da Amazon da Google na farko a wannan nahiya kuwa a Afirka ta Kudu aka kafa su, a 2019 da 2020 da 2024.

Ta ɓangaren iska, kamfanonin MTN da Mafab sun sayi lasisin 5G a watan Disamba na 2021 a kan Dala miliyan 273.6 kowannensu. Ya kamata a fahimci cewa 5G na rage jinkiri ne a zangon farko kawai, tsakanin wayar hannu da ƙarfen sabis. Abin da ya biyo baya ya danganta da faibar da ke bayan ƙarfen. Kamfanin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, karo na farko a Afirka, ya ɗauki wata dabarar daban: taurarinsa suna shawagi a nisan kimanin kilomita 550 kacal, abin da ya sauko da jinkiri daga ɗaruruwan milisakan zuwa gomomi, muddin tashar da ke karɓar saƙon a ƙasa ba ta yi nisa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne cikin ƙasa. Ɗauko ƙarfin intanet daga gaɓar Legas zuwa Sakkwato ko Maiduguri yana buƙatar haƙa rami na ɗaruruwan kilomita, kuma jihohi da dama na karɓar kuɗin izinin haƙa. Tun a 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da Naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 Jihar Ekiti ta sauko daga Naira 4,500 zuwa 145, Jihar Kaduna kuma ta yafe kuɗin baki ɗaya. Wayar da aka riga aka binne ma ba ta tsira ba: hukumar NCC ta ce an tsinka faiba fiye da sau 50,000 a shekarar 2024, mafi yawa a sanadin aikin hanya. Duk tsinkewa guda tana tura saƙo ya yi zagaye ta hanyar da ta fi nisa, wadda ita ma tana fama da nata lodin.

Abin da ɗan kasuwa zai iya yi

Matakin farko shi ne awo. Kowace kwamfuta tana da umurnin gwaji da ake kira ping, wanda ke nuna milisakan nawa saƙo ke yi zuwa wani adireshi ya dawo. A gwada da safe, a gwada da yamma, a rubuta. Idan za a ƙulla yarjejeniya da kamfanin intanet, a nemi ya rubuta iyakar jinkirin da ya lamunce zuwa Legas da zuwa Turai, da diyyar da zai biya idan ya saɓa, a kuma tambaye shi ko yana haɗe da IXPN.

Na biyu, a kawo kaya kusa da masu saye. Kamfanin da abokan cinikinsa suke Nijeriya, amma shafinsa ko manhajar lissafinsa na zaune a wata kwamfuta a Amurka, ya ɗora wa kowane ciniki tafiyar teku ba gaira ba dalili. Ajiye bayanai a cikin gida yana kuma rage biyan haya da Dala. Shafin da aka cika da manyan hotuna shi ma a rage masa kaya, domin yawancin masu saye da wayar hannu suke shiga.

Na uku, a gyara cikin ofis. Kwamfutar mai karɓar kuɗi a haɗa ta da waya kai tsaye maimakon Wi-Fi, a ware mata layinta daban da wanda ma'aikata ke kallon bidiyo da shi, a kuma sa wa na'urar intanet batiri ko inbata don kada ta mutu a duk ɗaukewar wuta.

Na huɗu, kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Layi biyu daga kamfanoni biyu, da na'urorin POS na bankuna daban-daban, sun fi arha a kan yini guda babu ciniki. Sai dai a bincika a tabbatar kamfanonin biyu ba waya ɗaya suke haya ba, domin abin da ya faru a watan Maris na 2024 ya nuna cewa sunaye biyu na iya zama igiya guda.

Nauyin da ke kan hukuma

Sauran aikin ya fi ƙarfin ɗan kasuwa. A shekarar 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasa, kuma a wannan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umurnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Amfanin waɗannan matakai zai bayyana ne idan jihohi suka daidaita kuɗin izinin haƙa, aka tilasta wa 'yan kwangilar hanya tuntuɓar kamfanonin sadarwa kafin su sa katafila, aka kuma samar da wutar da za ta ja hankalin masu zuba jari su gina cibiyoyin ajiye bayanai a Kano da Kaduna da Abuja, ba Legas kaɗai ba.

Gudun haske ba zai ƙaru ba, saboda haka abin da ya rage shi ne a gajarta tafiyar, a rage shingaye, a kuma tanadi hanya ta biyu. Garin da ya yi wannan, bankuna da masana'antu da 'yan kasuwa za su bi shi, kamar yadda fatake suka bi layin dogo da ya iso Kano a 1911. Shirye-shirye dai an yi su a takarda, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.